Ranar da Namadi Ya Dafa Madara

A shekarar da fari ya sake waiwayar ƙasar Mayahi, lokacin da soja ke riƙe da mulki, Namadi ya wayi gari yana da sanda, yana da igiya, yana da ƙwaryar tatsa, amma ba shi da saniya ko ɗaya. Garken da ya gada wurin ubansa ya yi ta kwanciya a hanyar rijiyoyin arewa da Tchake, har ungulaye suka ƙoshi suka daina tashi in mutum ya nufo su. Shi da mahaifiyarsa Inna da matarsa A'i suka koma bin layin jar dawar taimako a Mayahi, inda wani soja ke awo, wani kuma na tsaye yana kallon mai awon.

Sai dai Namadi ba mutumin da talauci ke rufe wa baki ba ne. Irin mutanen nan ne da in ka tambaye su hanya sai sun ba ka tarihin wanda ya fara bin ta. Ko a layin dawa sandarsa na gicciye a kafaɗa, yana daka wa jakunan mutane tsawa, yana koya wa manoma yadda ake gane saniya mai ciki tun daga nesa, alhali abin da ya rage masa mai ƙafa huɗu shi ne kujerar Inna. Magana ɗaya ce ba ya shiga, ita ce ta ƴaƴa, don shi da A'i sun daɗe suna jira Allah bai kawo ba.

Daminar da ta biyo ta ɗan yi abin kirki. Wata safiya sai ga Abdussalamu, abokinsa tun suna kiwon maruƙa, ya taso da ƙafa tun daga wajen Maijirgi yana jan wata jar saniya mai farin goshi. Shi ya yi kudu da wuri, ya tsira da ƴan shanun da ba su cika yatsun hannu guda ba. Ya ɗaure ta a turken da ya daɗe babu kowa, ya sha ruwa, suka yi doguwar gaisuwa ta gida da ta daji, bai ce uffan game da ita ba. Sai da ya miƙe zai tafi ya nuna ta da haɓa.

"Sunanta Kyalla. Tana da ciki. Haɓɓanaye ce."

Ya juya ya kama hanya tun kafin a yi masa godiya, don godiya kunya take ba shi.

Wanda bai tashi cikin makiyaya ba sai an yi masa bayani. Haɓɓanaye saniya ce da ake ba wanda ya rasa, ya riƙe ta, ya sha nononta, abin da ta haifa nasa ne, in ta haifa masa abin kafa garke sai ya mayar da uwar ga mai ita. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a ɗaga mata sanda. Taka tana iya kwana da ƙishi, ita kam a'a. Wanda haɓɓanaye ta lalace a hannunsa, ko ya tara garke har ƙura ta rufe rana daga baya, sunansa ya riga ya ɓaci a bakin rijiya. Namadi ya tsaya gaban Kyalla ya rasa abin faɗa, abin da A'i ba ta taɓa gani ba tun da aka kawo ta gidan. Hawaye suka cika masa ido, ya ce hayaƙi ne, ga shi ko wuta ba a hura ba.

Daga ranar Kyalla ta zama babbar gida. Harawa mai kyau tata ce, inuwar aduwa tata ce, in ta yi tari Inna ce ke fara yi mata sannu. Namadi yakan zauna yana cire mata kaska yana ba ta labarin shanun da suka riga ta zama a turken.

Sai cikin Kyalla ya zube. Saura kaɗan ta haihu, ya same ta da hantsi a tsaye, ɗan maraƙin a ƙasa babu rai, mahaifa ta maƙale. Bai kira kowa ba. Da hannunsa, hannun da ƙaya ta gama tsattsagawa, ya ciro abin da ya maƙale, ya gina rami ya binne. Ya ce da mutanen gida kada maganar ta tsallake zana. Ba rashin maraƙin ne ya fi cin ransa ba. Da wane ido zai dubi Abdussalamu? An damƙa masa saniya da ciki, ya mayar da ita wofi.

Kyalla dai ta yi nono, kaɗan, abin da bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Shi ke tatsa, shi ke kurɓar rabonsa da ɗumi da kumfa. Ragowar A'i ta bar ta ta kwana ta yi tsami a dama fura.

Ba a jima ba zazzaɓi ya sauka masa, wani irin zazzaɓi mai ladabi. Da safe ya ƙyale shi ya yi harkarsa, da la'asar ya zo ya zauna. Gumi ya jiƙa tabarma, kwankwaso ya riƙe, gwiwoyi suka yi tsami. Ya yi kwanaki ya tafi, a ce alhamdu lillahi, sai ya dawo kamar wanda ya mance takalminsa. Inna ta dafa sabara, ta dafa ganyen bedi, malam ya yi rubutu aka wanke. Ya je gidan likita a Mayahi aka ba shi nibakin, maganin zazzaɓin sauro, ya haɗiye har kunnensa ya yi ta ƙara, zazzaɓin ko gyara zama bai yi ba. Sai da kumburi ya sauka a wurin da ba a nuna wa suruki, tafiyarsa ta koma irin ta wanda ya sauko daga raƙumi, sannan ya yarda ya sake komawa.

Wannan karon ya faɗa hannun Majo Gazali, babban mai duba marasa lafiya a wurin, wani siririn mutum mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Majo ya matsa nan, ya danna can, Namadi ya yi salati da ƙarfi.

"Bon," in ji Majo da Faransancinsa. "Wagga ba masassarar sauro ba ce. Kana da bisashe, shanu ko awaki?"

"Guda ce, amma ta hi goma."

"Ta taɓa ɓari?"

Namadi ya dubi rufin ɗaki, ya dubi ƙasa. "Wa ya hwaɗa maka?"

"Kai, yanzu-yanzu."

Majo ya ɗebi jininsa ya ba mota ta kai Maraɗi, ya ce ya dawo bayan kasuwa biyu. Da ya dawo, Majo ya sa shi ya zauna, ya jawo wani kwano, ya ciro ƙwayar gyaɗa daga aljihu. Ashe shi ma mai son bayani ne. Allah ya haɗa masu son bayani biyu a ɗaki guda, amma ɗaya ne ke da allura, don haka ɗayan ya yi shiru.

"Cikin jinin mutum akwai masu tsaro," in ji Majo. "Ƙanana ne, ido bai ganin su. Aikinsu, in ƙwayar cuta ta shigo, mikorob ke nan, su kama ta su haɗiye, su kulle ta cikin wani ɗan ɗaki a cikinsu, su zuba mata wani ruwa mai kaihi kamar ruwan toka har ta narke. Su ne..." Ya tashi ya tura taga, ya dawo ya rage murya. "Su ne sojan jiki."

"Ashe har can ciki su ke riƙe da ƙasar," in ji Namadi.

"Ni ban ce ba. Saurara." Ya jefa gyaɗar cikin kwano, ya kife hannu a kai. "Wagga ƙwaya taka ba ta gudun soja. So take a kama ta. Da an haɗiye ta an kulle, sai ta tokare ƙohwa, ruwan tokan bai kai gare ta. Ta lallaɓa ta matsa kusa da inda shi sojan ke aje abincinshi, ta shimhiɗa tabarma. Ɗan zaƙin da ya samu, ta ci. Ɗan sinadarin ƙarhen da shi ma da shi yake rayuwa, ta ɗiba. In ta ƙoshi ta rabu biyu, biyun su rabu huɗu, har ɗakin shi cika maƙil. Shi ko yana ta yawo da su cikin jiki, shi kai su saihwa, shi kai su ƙashi, shi kai su..." Ya dubi wandon Namadi. "Inda ka sani."

"Ba su kashe shi?"

"Wa ke ƙona ɗakin da yake kwana? Lallaɓa shi suke. In sun yi yawa su hito, jiki shi ji su, masassara ta tashi. Wasu sojan su sake haɗiye su, ka ji sauƙi ka ce ka warke. Ba ka warke ba, sabon masauki sunka samu."

Namadi ya riƙe baki. Labarin ya yi masa daɗi har ya mance a cikinsa ake yin shi. "Wato an kai ɓarawo gidan kaso, an ba shi makullin rumbu."

"Wala, shi ke nan, ka gane."

"To daga ina wanga baƙo ya taso?"

"Daga saniyarka."

Nan daɗin labari ya ƙare. Majo ya ce a mahaifar saniya mai ciki akwai wani zaƙi da ƙwayar ta fi so a duniya. Can take taruwa ta yi ta haihuwa har ta ɓata hanyar da ɗan ke samun abinci, ya faɗo. Daga nan ta koma hantsa ta zauna, kullum tana biyo madara. "Ka taɓa ɓarin da hannu, kana ko shan madara ɗanya. Mace mai ciki ma in tana sha, muna ji mata tsoro." Ya ƙirga masa ƙwayoyin magani masu ja da rawaya a takarda. Ya ce da ruwa za a sha su, ban da madara, don madara na kama maganin ta riƙe shi a hanji. Ya ce ko ya ji ya warke kada ya bari, don sai maganin ya bi ɗaki-ɗaki ya iske masu ɓuya. Ya ce a nuna saniyar ga likitan bisashe. Sannan ya ce madarar nan, kafin kowa ya kai ta baki, a ɗora ta bisa wuta har ta taso.

A dafa madara! Namadi ya fito daga gidan likita kamar an mare shi. Kowane yaro a rugarsu ya san wutar da aka hura ƙarƙashin madara hantsar saniya take ƙonawa, nonon ya tsage, ya kafe. Ko taka ce ba ka yi mata haka, bare ta amana. Likitan bisashe kuwa, an san yana yawo da wuƙa. Amma duk waɗannan masu sauƙi ne. Mutum ya raba ƴan shanunsa da kai cikin yunwa, ya tako ƙasa da ƙafa ya ɗaure maka ita a turke, kai kuma ka buɗe baki ka ce cuta ya kawo maka? Namadi ya ji gara zazzaɓin ya kai shi kabari. A bisa amalanken jakin da ya ɗauko shi ya zauna ya sheƙe maganar Majo kamar hatsi. Labarin soja da ɓarawo ya ƙulle a bakin riga. Duk abin da ya shafi Kyalla ya bar wa iska.

A gida ya ba da labarin har da ƙari. Ya yi muryar sojan, ya yi ta ƙwayar, ya nuna yadda take shimfiɗa tabarma. A'i ta yi dariya har ta riƙe ciki. Inna ce ta katse shi.

"To mi anka ce a yi?"

Amsar na cikin abin da Namadi ya zubar a hanya. Amma mai baki ba ya rasa mafita.

"Inna, baƙon da ya zo ya ƙi tahiya, mi ake yi mashi?"

"A rage tuwo."

"Shi ke nan! Su abincin soja suke ci, soja ko abin da na ci shi yake samu. In ban ci ba, soja bai samu ba. In soja bai samu ba, baƙo shi naɗe tabarmarshi."

Ya ce daga ranar ba shi ba tuwo, ba shi ba fura, ko gumba ba ya so.

"Madarar hwa?" in ji Inna.

"Haba Inna, madara abinci ce? Madara ai ruwan rai ce."

Ka ji fa. Mutum ya toshe ƙofar gaba da ƙaya, ya je ya wangale ta baya yana yi wa baƙi maraba. Duk ɗan abin da Kyalla ta bayar, safe da maraice, aka koma ba mai jinya shi kaɗai, ɗanya, da kumfarta, da ita kuma yake kora ƙwayoyin maganin Majo. Baƙin kuwa ba su taɓa jiran tuwo ba, mai gidan ne kansa rumbunsu. Namadi ya yi ta ramewa har mazagin wandonsa ya kusa zagaye shi sau biyu. Da la'asar in zazzaɓi ya taso, sai ya dafa cikinsa ya ce, "Kun ji yunwa ko? Hanya dai a buɗe take." A'i takan shiga bayan zana ta yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka, don tana ganin ƙasusuwan mijinta suna fitowa.

Wata ranar kasuwar Mayahi ya daure ya je sayen kanwa don Kyalla. Yana cikin tayawa sai ya hango Abdussalamu can wajen masu igiya. Nan take ya durƙusa bayan buhunan albasa kamar mai neman abin da ya yar. Da ya leƙo ta tsakanin buhuna, sai ya ga Abdussalamu shi ma ya hango shi, ya ja rawani ya rufe fuska, ya sulale ta bayan raƙuma. Namadi ya daɗe a tsugune har mai albasa ya tambaye shi ko saye zai yi. Shi ke nan, maganar ɓarin ta kai. Abokinsa ba ya ko son ganin sa. Ya koma gida ya mance da kanwar, ranar ko labari bai ba Kyalla ba.

Ana nan, wata safiya ya gama tatsa ya ɗago ƙwarya zai kai baki, Inna ta miƙo hannu ta karɓe.

"Daga yau wagga ba taka ba ce. Wadda ka sha ta ishe ka. Akwai wanda ya hi ka buƙata."

Ta miƙa wa A'i. A'i ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Namadi, mutumin da ke gane saniya mai ciki tun daga nesa, ya tsaya yana duban uwarsa yana duban matarsa kamar an yi masa magana da Faransanci. Sai can abin ya faɗo masa. Daɗi ya taso masa tun daga gwiwa har ya ji tsamin ya tafi. Ya buɗe baki zai yi hamdala, sai ya ga A'i ta ɗaga ƙwaryar, kumfa na gab da taɓa leɓenta. Maganar da ya bar wa iska a hanyar Mayahi ta dawo masa gaba ɗaya, da muryar Majo da komai.

"Aje ta!"

A'i ta firgita. Tun da suke bai taɓa daka mata tsawa ba. Ya fizge ƙwaryar, ya nufi murhu da tafiyar nan tasa ta mai saukowa daga raƙumi, ya jawo tukunya ya juye madarar, ya durƙusa bisa gwiwoyinsa masu ciwo yana hura wuta.

Inna ta yi salati har sau uku, kowanne ya fi na baya tsawo. "Ka haukace? Madarar amana! Wuta kake sa wa nonon saniyar mutane?"

Bai ɗago ba. Maƙwabta suka fara leƙowa ta saman zana. Namiji a bakin murhu kaɗai ya isa abin kallo, bare namijin da ke dafa madara. Toka ta bule masa gemu, hayaƙi ya sa shi tari, bai daina hurawa ba. Madarar ta yi shiru, ta yi shiru, sai ta taso gaba ɗaya ta nufo bakin tukunya. Namadi bai taɓa ganin madara ta yi fushi ba. Ya ja da baya yana "Kai! Kai!" kamar yana korar ɗan maraƙi.

"Ɗaga tukunyar," in ji A'i a hankali.

Ya ɗaga, madarar ta kwanta. Sannan ya zauna a ƙasa, da tokarsa da komai, ya faɗa musu ragowar maganar Majo, babu muryar soja babu ƙari. Ya faɗi zaƙin da ke mahaifa, ya faɗi abin da ya zubar da cikin Kyalla, ya faɗi abin da ake ji wa mace mai ciki.

"Wanga likita ya taɓa tatsar saniya?" in ji Inna.

Ta dubi A'i, ta daɗe tana duban ta. Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ɗan man shanun da take ɓoyo, ta je ta tsuguna wajen Kyalla tana shafa mata a nono tana ba ta haƙuri da Fillanci. Ba ta waiwayo ba ta ce, "In ya kahe, kai za ka tahi ka hwaɗa wa mai ita da bakinka."

"Ko bai kahe ba, Inna, zan tahi."

A'i ta bar madarar ta huce, ta sha. Ranar Namadi ya ci tuwon jar dawa har ya suɗe kwano. Ya koma wurin Majo ya faɗi yadda ya sa wa baƙi yunwa, Majo ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa, ya ce wata magana da Faransanci wadda bai fassara ba. Ya ƙirga masa wasu ƙwayoyin, ya haɗa masa da allura, ya ce wannan karon da ruwa, ruwan rijiya, wanda ba shi da kumfa. Inna kuwa kullum da safe sai ta duba hantsar Kyalla kamar yadda soja ke duba rumbun dawar taimako. Nono bai tsage ba, bai kafe ba. Ta ce man shanunta ne ya tare wutar, ba wanda ya yi mata gardama.

Da zazzaɓin ya fara tsallake la'asar, Namadi ya hau amalanke ya nufi Maijirgi. Tafiyar mai nisa ce, ya cika ta da shirya magana. Zai ce saniyar ta yi ɓari a hannunsa. Zai ce ya sa wa madararta wuta da hannunsa. Maganar inda cutar ta fito kuwa, ya rantse ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. In Abdussalamu ya ce a mayar masa da abarsa, ya yi daidai, zai kawo ta da ƙafa kamar yadda aka kawo masa.

Ya isa rugar da hantsi. Wata mace ta amsa sallama, ta ce mai gidan yana can bayan zana yana wani ɗan aiki, bari ta kira shi. Namadi ya ji in ya zauna jira ƙarfin halinsa zai tsiyaye, sai ya zagaya da kansa.

Abdussalamu na tsugune, ya rame har rawani ya yi masa yawa, ya ware ƙafafu irin warewar da Namadi ya sani sarai. Gabansa ƴan duwatsu ne da ƴar wuta, bisa wutar ƴar tukunya, yana fifita da marfin kwano yana waige-waige. Ya ɗago suka haɗa ido. Ba wanda ya yi sallama, ba wanda ya yi gaisuwar gida bare ta daji. Cikin shirun nan abin da ke tukunyar ya taso, fari fat, ya fara zuba cikin wuta.

"Ɗaga tukunyar," in ji Namadi.

Abdussalamu ya ɗaga, ya ƙone yatsa, ya dire ta. Namadi ya tsuguna gefensa a hankali, kowannensu yana lura da yadda ɗayan ke tsugunawa.

"Kai ma?" in ji Namadi.

"Ni ma."

"Majo Gazali?"

"A'a, na Tasawa. Ya ce wai cikin jini akwai..." Abdussalamu ya waiga hagu, Namadi ya waiga dama. "Ka dai sani."

"Na sani. Da tabarma da komi."

Abdussalamu ya ɗauki kara yana tonon ƙasa. Ya ce bayan ya kai Kyalla, ƴar'uwarta ta yi ɓari, masassara ta kama shi, likita ya faɗa masa daga inda take. "Tun rannan ban yi barcin kirki ba. Na ce na ɗauki cuta da hannuna, na taka da ƙahwata, na ɗaure wa abokina a turke, ina ganin alheri na yi. Da na gan ka kasuwar Mayahi kana tahiya hakanan, na san ta kama ka. Na rasa inda zan sa kaina, na shige bayan raƙuma."

"Ni ko ina bayan albasa. Na aza maganar ɓarin Kyalla ka ji."

"Ta yi ɓari?"

"Ta yi. Na binne da hannuna."

Abdussalamu ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe sai ya ce likitan bisashe bai zare wuƙa ba, ya dai ce a ware ta in za ta haihu, kada a taɓa mahaifa da hannu tsirara, ya ce kuma wadda ta zubar sau ɗaya takan riƙe na gaba. "Amma ba sai ka jira ba. Ka maido ta. Ga karsanar can, ba ta taɓa ciki ba, ita ta rage mani mai kyau. Ka tahi da ita yau."

Namadi ya dubi karsanar. Kyakkyawa ce, kuma da ganin turakun ya san in ta tafi abokinsa ya koma kusan inda shi yake bara. Duk maganar da ya shirya a hanya ba ta da sauran amfani, sabuwa kuwa ba ta zo da yawa ba.

"Haɓɓanaye ba ta komawa sai ta haihu. Kai ka san doka."

"Namadi, cuta gare ta."

"Muna da tukunya." Ya dubi wutar. "Gidanmu ma ana jira. In Allah ya sauke lahiya, madararta za a ba shi. Dahwahwa."

Abdussalamu ya gane, sai dai irin wannan ba a yi mata barka tun ba ta zo ba. Ya zuba madarar a ƙoƙo ya miƙa, ya riƙe sauran a tukunya. Suka hura, suka kurɓa, kowa ya yamutsa fuska.

"Ba daɗi," in ji Abdussalamu.

"Ko kaɗan. Tsohuwarka ta sani?"

"Da ta sani, bayan zana zan dahwa?"

Namadi ya yi dariya har kwankwasonsa ya tuna masa da kansa. Sai idonsa ya cika, ya ce hayaƙi ne. Wannan karon dai akwai wuta, kuma Abdussalamu bai musa ba, don hayaƙin ya shiga nasa idon shi ma.